Yaƙi da wariyar launin fata a cikin ikilisiya: tambayoyi da amsoshi

An tara waɗannan tambayoyi ne domin fastoci, dattawa da membobin ikilisiyoyin da suke son taɓa wannan batu da gaske. Yawancin misalan daga Amurka suke, inda aikin ya fi tsari a rubuce, sai kaɗan daga Ingila da Afirka ta Kudu. Wanda yake sujada a waɗannan ƙasashe, ko yake bin labarinsu daga gida, zai gane inda aka dosa.

Ƙofar majami'armu a buɗe take ga kowa. Me ya kawo maganar wariya?

Buɗe ƙofa daban, gado daban. Da yawa daga cikin tsofaffin ikilisiyoyin Amurka sun gaji gine-gine, filaye, asusun ajiya da al'adu daga zamanin da wariya take rubuce a kundin dokokinsu. A ƙarshen ƙarni na 18, a majami'ar St. George ta Metodis da ke Filadelfiya, an zo ɗaga Absalom Jones daga durƙuso yana tsakiyar addu'a saboda ya durƙusa a wurin da aka keɓe wa farare. Shi da Richard Allen da sauran baƙaƙe suka fice. Daga wannan ficewa ce ɗarikar AME, wato ɗarikar Metodis ta baƙaƙe, ta samo asali a 1816, Allen ya zama bishop ɗinta na farko. Babbar ƙungiyar Baftis ta Kudu an kafa ta a 1845 a garin Augusta na jihar Jojiya, kan gardamar ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan. Metodis sun rabu a 1844 kan bauta, da suka sake haɗewa a 1939 sai suka ware wa ikilisiyoyin baƙaƙe wani sashen mulki nasu daban, wanda ba a rushe shi ba sai 1968. Akwai masu sujada a yau da aka yi musu baftisma a ƙarƙashin wannan tsari.

Shi ya sa Martin Luther King ya riƙa cewa ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Lahadi ita ce sa'ar da wariya ta fi fitowa fili a Amurka. Masu nazarin zamantakewa suna kiran ikilisiya gauraye idan babu jinsi guda da ya wuce kashi 80 cikin ɗari na masu halarta. Da wannan ma'auni, irin waɗannan ikilisiyoyi sun tashi daga kashi 6 cikin ɗari a 1998 zuwa kashi 16 a 2019. An matsa, amma mafi yawa suna nan yadda aka gaje su.

Wannan ba siyasa ba ce aka shigo da ita coci? Ina yake a Littafi Mai Tsarki?

Ayoyin da aka saba kawowa su ne Farawa 1:27, Ayyukan Manzanni 17:26, Galatiyawa 3:28, Afisawa 2:14 da Wahayi 7:9. Duk sun dace. Amma wadda ta fi amfani ga majalisar dattawa ita ce Ayyukan Manzanni 6:1-6, domin tana nuna yadda aka yi aikin, mataki bayan mataki.

Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen matansu wajen rabon abinci na yau da kullum. Babu inda aka ce wani ya yi hakan da gangan. Manzanni ba su ce a kawo hujjar mugun nufi ba, ba su kuma ce masu gunagunin suna raba kan 'yan'uwa ba. Suka tara jama'a, suka amince akwai matsala, aka zaɓi mutum bakwai aka damƙa musu aikin. Duba sunayen: Istifanas, Filibus, har zuwa Nikolas mutumin Antakiya. Dukansu sunayen Helenanci ne. Wato an miƙa ragamar rabon ga ɓangaren da aka tauye. Koke ya taso daga ƙasa, shugabanni suka saurara, aka sauya tsari, aka sauya masu riƙe da tsarin. Kusan duk abin da za a faɗa a nan gaba faɗaɗa wannan ne.

A Galatiyawa 2:11-14 kuwa, Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa a Antakiya saboda ya janye daga cin abinci tare da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, har Barnaba ma ya bi Bitrus. Bulus bai ɗauki abin a matsayin rashin ladabi ba, cewa ya yi tafiyarsu ba ta yi daidai da gaskiyar bishara ba.

Akwai kuma aikin gyaran koyarwa. Shekaru ɗaruruwa ana wa'azi da abin da ake kira la'anar Ham don halatta bautar da baƙaƙe. Mai karanta Farawa 9:25 zai ga Kan'ana, ɗan Ham, Nuhu ya la'anta, kuma babu maganar launin fata a wurin ko kaɗan. Ya kamata a faɗi wannan daga mimbari sau ɗaya a fili, domin akwai tsofaffi da suka taso da wancan fassarar, ba wanda ya taɓa warware musu ita.

Daga ina ake farawa?

Daga majalisar dattawa, da ƙuduri a rubuce. Idan fasto shi kaɗai ya ɗauko aikin, ranar da aka yi masa canjin wuri aikin ya mutu. Idan wasu membobi masu zafin nama suka fara ba da izinin majalisa ba, za su zama ƙungiyar 'yan adawa cikin wata shida.

Ƙudurin ya ƙunshi abu huɗu: wa'adin kwamiti, shekara biyu ta fi dacewa a karon farko, izinin duba kundaye da littattafan kuɗi, layi nasa a kasafin kuɗin shekara, ko da kaɗan ne, da ranakun kawo rahoto, duk wata uku. Kwamitin ya kasance mutum shida zuwa takwas. A sa dattijo guda mai ƙuri'a a majalisa, da ma'aji ko wani daga kwamitin kuɗi, da matashi, da mai haƙurin karanta tsohon rubutun hannu. A sa kuma mutum ɗaya da aka san yana da shakku a kan aikin amma mai gaskiya ne. Tambayoyinsa a ɗakin taro su ne tambayoyin da jama'a za su yi daga baya, gara a ji su da wuri.

Kwamitin da ba shi da kasafi, ba ya kuma iya buɗe littafin ma'aji, ƙungiyar karatu ce kawai.

Yaya ake binciken tarihin ikilisiya, kuma me ake nema?

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, wata tara zuwa shekara guda ba wani abin mamaki ba ne. A fara da abin da yake cikin kabad ɗin ofis: bayanan tarurrukan majalisa, rajistar baftisma, aure da jana'iza, littafin hayar kujeru, takardun mallakar fili, da jerin waɗanda suka ba da gudummawar gini. A tsofaffin rajistoci na jihohin Kudu, har da wasu na Arewa, za a ga an rubuta sunan yanka kawai, a gefe an sa alamar launi, ko an rubuta bawan wane. A kwafe waɗannan sunaye duka a jeri guda, da kwanan wata da lambar shafi. Sau da yawa wannan layi ɗaya shi ne kaɗai shaidar da ta rage cewa mutumin ya taɓa rayuwa.

Sai a fita waje. A ɗauki sunayen fastoci, dattawa da manyan masu ba da kuɗi na farko, a neme su a jadawalin bayi na ƙidayar 1850 da ta 1860. Jadawalin yana kawo sunan mai bayi, sannan shekaru, jinsi da launin kowane bawa, galibi ba tare da suna ba. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta akasarin 'yantattun bayi da sunayensu. Gibin da ke tsakani ana cike shi da wasiyyoyi da takardun rabon gado a kotun gunduma, inda ake lissafa bayi da sunansu da farashinsu a layi ɗaya da dawakai da kayan ɗaki, da kuma takardun hukumar kula da 'yantattu da ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872.

Ikilisiyar da aka kafa bayan an hana bauta ba ta tsira ba. Ita tambayoyinta na ƙarni na 20 ne. Wace shekara aka karɓi memba baƙar fata na farko, kuma an yi ƙuri'a a kai? Me majalisa ta yanke lokacin da ɗalibai baƙaƙe suka riƙa zuwa majami'un farare a shekarun 1960 don gwada ko za a bar su su shiga? Ikilisiya ta buɗe makaranta mai zaman kanta bayan hukuncin kotun ƙoli na 1954 da ya hana raba makarantun gwamnati? Ta sayar da gininta ta koma bayan gari a daidai lokacin da baƙaƙe suka fara tarewa a unguwar? Akwai sharaɗi a takardar filin da ya hana sayar wa wanda ba farar fata ba? Kotu ta hana tilasta irin wannan sharaɗi a 1948, amma rubutun yana nan a takardu da yawa.

Ginin ma yana magana. Bene na sama mai matakala daga waje, ƙofar gefe da aka toshe da bulo, kusurwar maƙabarta da babu duwatsun suna amma ƙasa ta lotsa layi-layi.

Kuskure biyu ake yawan yi. Na farko, dogaro da littafin tarihin da aka buga don bikin cika shekara ɗari, wanda an rubuta shi ne don yabo. Na biyu, mantawa da ikilisiyar baƙaƙe da ke maƙwabtaka. Sau da yawa ita daga cikinku ta fita, kuma dattawanta sun san labarin da kuke tono tun suna yara.

Idan aka tono abin kunya fa, kuma jikokin mutanen suna zaune a kujerun gaba?

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Amma akwai ladabi. A sanar da iyalan a keɓe kafin a karanta rahoto a taro, a nuna musu kwafin takardun, a ba su mako biyu ko uku. Ba izininsu ake nema ba, mutunta su ake yi. Rahoton ya tsaya ga abin da takarda ta nuna, ba tare da ƙarin gishiri ba.

Kan allunan tunawa da tagogin gilashi, hanya uku ce: a bar su a ƙara bayani a gefe, a mayar da su ɗakin tarihi, ko a cire. Babbar majami'ar ƙasa da ke Washington ta cire tagogin da ke girmama janar Robert E. Lee da Stonewall Jackson, jagororin sojojin jihohin Kudu masu riƙe da bauta a yaƙin basasar Amurka, a 2017, ta sa sababbi a 2023. Shekara shida ke nan tsakani, kuma ba laifi ba ne. Abin da ke jawo rigima shi ne a zo ranar Lahadi a tarar an cire abu cikin dare.

Tarihi ya wuce. Yau me ake dubawa?

Ana ƙirgawa. A ɗauki takardun tsarin sujada na Lahadi 52 da suka wuce, a ga wa ya yi wa'azi, wa ya yi karatu, wa ya raba Jibin Ubangiji. A duba waɗanda suka zauna a majalisa cikin shekara goma, da waɗanda suke sa hannu a cak. A jera ma'aikata da albashinsu: ba sabon abu ba ne a tarar baƙaƙen da ikilisiya take biya su ne mai shara, mai gadi da mai renon yara, kuma su ne ba su da inshorar lafiya ko fansho. A duba 'yan kwangila, daga mai gyaran rufi zuwa mai kawo abincin biki, da bankin da ake ajiya. A leƙa ɗakin makarantar Lahadi a ga hotunan bango da na littattafan yara. A tambayi masu tarbar baƙi wa suke tambaya "me za mu yi maka?" kuma wa suke ce wa "barka da zuwa".

Sannan a nemi waɗanda suka taɓa zuwa suka daina. Wani daga waje ne ya kamata ya yi hirar, domin mutum ba zai faɗa wa fasto ido da ido abin da ya kore shi ba.

Darussa da ƙungiyoyin tattaunawa suna da amfani?

Suna da shi, muddin an san farkon hanya ne. Ɗarikar Episkofal ta wajabta wa shugabanninta horo kan wariya tun babban taronta na 2000, a 2019 kuma ta fito da jerin darussa mai suna Sacred Ground, na fina-finai da karatu a ƙananan ƙungiyoyi. Bishop-bishop na Katolika a Amurka sun fitar da wasiƙun makiyaya kan batun a 1979 da 2018. Kafin a ƙirƙiri sabon abu, a tambayi ofishin dayosis ko na gunduma abin da yake a ƙasa.

Ƙungiya ta mutum takwas zuwa goma sha biyu ta fi tafiya daidai, da masu jagoranci biyu, zama na minti casa'in, mako biyu tsakani don a samu damar karatu. A amince da ƙa'idoji tun zaman farko: abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, kowa ya yi magana da bakin kansa, wanda ya yi magana sau biyu ya jira sai kowa ya yi sau ɗaya. A zaman ƙarshe kowace ƙungiya ta miƙa wa majalisa shawara ɗaya a rubuce, mai kwanan wata da kuɗin da za ta ci. Idan babu wannan, abin da ke faruwa sananne ne. Bayan da ɗan sanda farar fata ya kashe George Floyd, baƙar fata, a Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, ikilisiyoyi da dama sun buɗe ƙungiyoyin karatu, aka gama littafi aka ɗauko wani, mutane suka ji sun waye, kasafin kuɗi kuwa ko layi ɗaya bai motsa ba.

Muna da iyalai baƙaƙe uku ko huɗu. Ba su ya kamata su jagoranci aikin ba?

A gayyace su, kada a ɗora musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma wannan bai sa gyaran rufin ya zama nasa shi kaɗai ba. Wasu sun zo sujada ne, ba su zo koyar da darasi kan raunin da suke ɗauke da shi ba. Kada a juya a kalli mutum ɗaya a tsakiyar taro a ce ya faɗi ra'ayin baƙaƙe. Idan ana buƙatar mai koyarwa, a ɗauko daga waje a biya shi kuɗin da ake biyan kowane baƙon mai wa'azi. Idan kuma wani cikinsu ya ba da labari mai ciwo, wani farar fata ya fashe da kuka, mai jagoranci ya lura kada ɗakin duka ya koma rarrashin mai kuka a manta da mai labarin.

Wani ya kawo ƙarar cewa an yi masa maganar wariya a coci. Me ake yi?

Ya kamata tsarin ya kasance a rubuce tun kafin ƙara ta zo. Mutum biyu da aka sani su ne masu karɓa, ba fasto kaɗai ba, domin wata rana shi za a kawo ƙara. A amsa cikin kwana biyu, a saurari mai ƙara shi kaɗai, a rubuta, a tambaye shi abin da yake so ya faru. Sannan a ji ɗaya ɓangaren. Matiyu 18:15-17, wadda ta ce a fara samun wanda ya yi maka laifi a keɓe, tana da muhallinta, amma kada a yi amfani da ita a tura yarinya 'yar shekara goma sha shida ta je ta fuskanci dattijo ita kaɗai. Kalmomin da suka fi ɓata lamari su ne "ba haka yake nufi ba" da "ki yafe kawai". Gafara ta mai ita ce, ba a karɓe ta da ƙarfi kafin a amsa laifi.

Neman gafara a bainar jama'a yana da wani tasiri?

Ya danganta da abin da ke ciki da abin da ya biyo baya. Baftis ta Kudu ta nemi gafara a babban taronta na Atlanta a 1995, shekara 150 bayan kafuwarta, ta kuma zaɓi Fred Luter shugabanta baƙar fata na farko a 2012. Majalisar Cocin Ingila ta nemi gafara a 2006 kan hannunta a bauta, da kuma 2020 kan yadda aka wulaƙanta 'yan Karibiyan da suka zo bayan yaƙin duniya na biyu. A Afirka ta Kudu, majalisar ɗarikar Dutch Reformed ta yarda a 1857 a riƙa raba sujada saboda abin da ta kira raunin waɗansu. Wannan rangwame ya zama tushen raba ikilisiyoyi bisa launi, har sai da ikilisiyar da aka ware wa masu ruwa biyu ta rubuta Shaidar Bangaskiya ta Belhar, mai ƙin wannan rabuwa, a 1982 ta amince da ita a 1986.

A matakin ikilisiya guda, neman gafara mai kyau yana faɗin abin da aka yi, da shekarar, da sunayen waɗanda aka zalunta idan an samo su. A karanta sunayen da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ko da za a ɗauki minti goma. Majalisa ce za ta amince da rubutun. Ba a sa "idan mun ɓata wa wani rai". Ba a kuma gayyato ikilisiyar baƙaƙe don ta zo ta ce ta yafe a gaban kyamara.

Maganar diyya fa? Nawa, ga wa, kuma wa zai yanke?

Tushenta a Luka 19:8, inda Zakka ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Lura ya bambanta sadaka da mayar da haƙƙi. Kuɗin diyya ba daga asusun taimakon mabukata ake cirewa a sauya masa suna ba.

Ga abin da wasu suka yi. Makarantar tauhidi ta Virginia ta ware dala miliyan 1.7 a 2019, ta kuma fara biyan zuriyar baƙaƙen da suka yi mata aiki a zamanin bauta da na wariya. Dayosis ɗin Episkofal na New York ya ware dala miliyan 1.1 a 2019, na Maryland dala miliyan 1 a 2020, na Texas dala miliyan 13 a shekarar. Limaman Jesuit na Katolika, waɗanda suka sayar da bayi 272 a 1838 don biyan bashin kwalejin Georgetown, sun yi alkawari a 2021 za su tara dala miliyan 100. Hukumar da ke kula da dukiyar Cocin Ingila ta yi alkawarin fam miliyan 100 a 2023, bayan bincike ya nuna wani tsohon asusunta ya zuba jari a kamfanin South Sea mai safarar bayi. Misali mafi kusa da ikilisiya guda shi ne Memorial Episkofal a unguwar Bolton Hill ta Baltimore, wadda ta yanke a 2021 za ta ba da dala 500,000 cikin shekara biyar ga ƙungiyoyin da baƙaƙe ke jagoranta a birnin, bayan ta gano waɗanda suka kafa ta masu bayi ne.

Babu ƙa'idar lissafi guda. Wasu suna ɗaukar wani kaso na asusun gado, wasu kaso na kasafin shekara. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne ya zama alkawari na shekaru, a rubuce, kuma ya isa a ji shi a jiki. A tuntuɓi lauya kafin a taɓa asusun gado, domin kyautar da aka bayar da sharaɗi ba a karkatar da ita yadda aka ga dama. A tambaye shi kuma kan haraji idan mutane za a biya kai tsaye.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen rabon. Idan masu bayarwa ne suka zauna suka tsara fom mai shafi ashirin, suka zaɓi wanda ya burge su, suka nemi rahoto duk wata, to tallafi ne aka yi irin na kullum. Mafi rinjayen masu yanke shawara su fito daga zuriyar waɗanda aka zalunta ko daga unguwar da abin ya shafa, a kuma biya su ladan zama. Ikilisiyar da ba ta da kuɗi tana da wasu abubuwan: fili, ɗakin taro, gyaran maƙabarta, buɗe kundaye ga masu neman asalinsu, mayar da ajiyarta bankin da ke ba unguwar rance.

Ni ban taɓa mallakar bawa ba, kakannina ma daga baya suka zo. Me ya shafe ni?

Ba laifin kai ake magana ba, bashin ikilisiya ake magana. Wanda ya shiga ikilisiya bara yana zama a ƙarƙashin rufin da aka gina a 1850, yana cin moriyar asusun da aka bari a 1920. Idan da bashin banki ne ikilisiya ta gada, ba wanda zai ce a bar wa matattu su biya.

Muna son ƙulla zumunci da ikilisiyar baƙaƙe. Yaya za mu yi kada mu ɓata?

Ku fara zuwa wajensu, ku zauna a baya, ku sa baiko, ku dawo wani makon. Fasto ya nemi ganin fasto, ya tambayi aikin da suke yi a gari da inda ake buƙatar hannu. Galibi sun shekara ɗari suna wannan aiki, ba jiran wani ya zo da tsari suke yi ba. Musayar mimbari sau ɗaya a shekara a watan Fabrairu, watan tunawa da tarihin baƙaƙe a Amurka, da gayyatar mawaƙansu su zo su ƙawata biki, ba zumunci ba ne. Kada ku yi mamaki idan an karɓe ku da taka-tsantsan. A majami'ar Baftis ta titi na 16 a Birmingham bom ya kashe 'yan mata huɗu a 1963, a Emanuel AME ta Charleston kuma baƙon da aka karɓa a nazarin Littafi Mai Tsarki ya harbe mutum tara ranar 17 ga Yuni 2015, har da fastonsu Clementa Pinckney.

Sauya waƙoƙi zai jawo mutane?

Da wuya shi kaɗai. Idan za a ɗauko waƙoƙin da bayi suka ƙirƙira, a koya wa jama'a asalinsu, a kuma samo wanda ya taso da su ya koyar.

Ɗaukar fasto baƙar fata zai magance matsalar?

Idan an gyara wurin da zai zauna. Abin da ake yawan gani shi ne a ɗauko mataimaki, a sa hotonsa a shafin intanet, a ba shi wa'azi sau huɗu a shekara, a ɗora masa duk wata magana ta launin fata, ba shi da ƙuri'a ba shi da kasafi. Cikin 'yan shekaru ya gaji ya tafi, a ce ai an gwada. Kafin a tallata gurbi, a rubuta ikonsa, a daidaita albashi da na takwarorinsa, a aika sanarwar zuwa makarantun tauhidi da ƙungiyoyin da ba a saba aikawa ba, majalisa kuma ta shirya abin da za ta yi ranar da babban mai ba da kuɗi ya ce wa'azinsa ya yi zafi.

Ikilisiya za ta iya shiga harkar gidaje, makarantu ko 'yan sanda ba tare da ta taka doka ba?

Dokar harajin Amurka tun 1954 ta hana ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji goyon bayan ɗan takara. Ba ta hana magana a kan batutuwa ba. Ana ci gaba da gardama a kan iyakarta, don haka a nemi shawarar lauyan ɗarika a shekarar zaɓe. A aikace, a zaɓi batu ɗaya na garin, kamar korar 'yan haya ko dakatar da ɗalibai daga makaranta, a shiga haɗakar da ta riga ta fara, a ware mutum uku da za su riƙa halartar zaman majalisar gari duk wata.

Wasu za su bar coci?

Wasu za su bari, baiko ma yana iya raguwa. Ma'aji ya yi lissafin abin da zai faru idan kuɗin shiga ya ragu da kashi goma cikin ɗari, majalisa ta gani kafin ta jefa ƙuri'a, don kada ta firgita ta ja da baya a tsakiyar kogi. A ziyarci duk wanda ya nuna zai tafi, a saurare shi. A kuma tuna akwai waɗanda suka riga suka tafi shiru-shiru shekaru da suka wuce, ba wanda ya kira taro a kansu.

Mu 'yan Afirka da muka zo daga baya, ko muke gida, ina namu a ciki?

Wanda ya zo Amurka daga Najeriya ko Gana yana iya fuskantar wariya a titi, amma bai gaji tarihin zuriyar bayi ba, kuma wani lokaci farare suna nuna shi a matsayin hujjar cewa babu matsala. Kada ya yarda a yi amfani da shi haka, kada kuma ya karɓi kujerar magana da yawun waɗanda bai zauna ya ji labarinsu ba. Tarihin mishan ma yana da nasa. Samuel Ajayi Crowther ya zama bishop a 1864 yana jagorantar aikin yankin kogin Neja, amma a 1890 wasu matasan 'yan mishan Turawa suka dakatar da ma'aikatansa 'yan Afirka suka ƙwace ragamar a gabansa. Ya rasu a ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature.

A ikilisiyoyin gida launi ɗaya ne, layin rabuwar kuwa ƙabila ce, ko ɗan ƙasa da baƙo, ko zuriyar wane da wane. Ƙidayar nan ta Lahadi 52, da ta kujerun majalisa, da ta wanda ake tura wa aiki a birni da wanda ake turawa ƙauye, tana aiki a can ba tare da an sauya komai ba.

Bayan shekara biyu ko uku, da me za a auna?

A sake yin ƙidayar farko da tambayoyi iri ɗaya, a ajiye takardun biyu gefe da gefe. A duba ko an biya kowane kaso na alkawarin kuɗi a ranarsa, ƙara nawa aka kawo kuma cikin kwana nawa aka amsa, da ko tarihin da aka tono ya shiga darasin masu shirin baftisma da na sababbin membobi. Ƙaruwar ƙararraki a shekarar farko ba alamar lalacewa ba ce, sau da yawa tana nufin mutane sun fara yarda za a saurare su. Idan wa'adin kwamiti ya cika, a raba ayyukansa ga kwamitocin dindindin, na kuɗi, na ma'aikata, na sujada da na ilimi, a rubuta su cikin kundin dokokin ikilisiya, a sa rahoton ƙidayar cikin ajandar babban taron shekara tare da rahoton ma'aji.